Ɗacin maganin tsargiya da masanin da ya baje littafin gwajinsa a fili

Ƙwayar maganin tsargiya babba ce, miligiram 600 na magani ke cikinta, ga ɗaci mai tayar da zuciya. Malaman firamare na Lagdo da Maga da Yagwa a arewacin Kamaru sun fi kowa sanin haka, domin su ake danƙa wa kwalaye da sandar awo idan lokacin rabon maganin tsutsa ya zagayo. Yaro ya jingina da sanda, a duba tsayinsa, a ƙirga masa ƙwaya ɗaya da rabi ko biyu, a miƙa masa ruwa. Ɗan aji biyar kan runtse ido ya haɗiye. Aikin yana wajen ƙannensa da ba su isa shiga makaranta ba, alhali tare ake zuwa bakin ruwa da su wanki da wanka. Ɗan shekara uku ba ya iya haɗiye ƙwayar, sai an murƙushe ta a cokali, murƙushewar kuwa ita ke sako ɗacin gaba ɗaya. Abin da ma'aikatan lafiya suka saba ji daga bakin iyaye mata shi ne, "Malam, wallahi ya tofar," ko kuma, "Ai ko minti biyar bai yi ba ya amayar."

A jikin kwali sunan maganin Praziquantel, mu ce farazikwantel. Abin da za a duba a nan shi ne aikin da wani masanin haɗa sinadarai ɗan Ingila, Matthew Todd, ya jagoranta a Jami'ar Sidni ta Ostareliya don raba maganin da ɗacinsa, da kuma yadda ya kamata a auna tasirin irin wannan aiki idan mai aunawar yana zaune a Garwa ko Injamena.

Cutar dai tsohuwa ce. Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Ƙwanta na fita ta fitsari ko bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin katantanwa, daga can ƙananan tsutsotsi su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. A arewacin Kamaru da yankin Tafkin Cadi wadda ta fi yawa ita ce mai kama mafitsara, mai sa fitsarin jini, har wasu dattawa kan ɗauki jinin a matsayin alamar balagar ɗa namiji. Kududdufan damina sun ishe ta yaɗuwa tun kafin a gina madatsar Maga a 1979 da ta Lagdo a 1982, sai dai madatsun da magudanan gonakin shinkafa sun sa mutane cikin ruwa rani da damina. Kamaru ta kafa shirin ƙasa na yaƙi da tsargiya da tsutsar ciki a 2003, ƙarƙashin Farfesa Louis-Albert Tchuem Tchuenté. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 251 ne suka buƙaci maganin a 2021, aƙalla kashi 90 cikin ɗari a Afirka. Duk wannan taron da magani ɗaya tak ake yi masa hidima, wanda kamfanonin Merck da Bayer na Jamus suka samar a shekarun 1970.

Rabin ƙwayar ne ke aiki

Wasu sinadarai suna zuwa iri biyu masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu: yatsu biyar ne nan da can, jerinsu ɗaya, amma safar wannan ba ta shiga wancan. Masana kan kira ɗaya R, ɗayan S, mu kuwa mu ce tagwaye. Nauyinsu ɗaya, zafin da ke narkar da su ɗaya, ba a raba su da tacewa ko tafasawa. Jikin mai rai ne ke bambanta su, domin sunadaran jiki su ma masu ɓangare ne, wato ko na dama ko na hagu.

Idan aka haɗa farazikwantel a masana'anta ta hanyar da aka saba, tagwayen kan fito rabi da rabi. Na R shi ke kashe tsutsa. An daɗe da sanin haka, ko da yake dalilin bai fito sarari ba sai a 2019, lokacin da ɗakin binciken Jonathan Marchant a Amurka ya gano wata ƙofa a jikin ƙwayoyin halittar tsutsar wadda R ke buɗewa, sinadarin kalshiyam ya kwarara ciki, tsutsar ta sanƙare. Na S kusan ɗan rakiya ne. Wani bincike da aka buga a 2009 ya nuna cewa shi ya fi ɗaukar alhakin ɗacin. Tun a 1991 kuma likitoci a Sin suka ba da rahoton cewa rabin awo na R zalla ya yi aikin cikakken awo na gaurayen, da ƙarancin laulayi.

To ga lissafi mai daɗin ji: a fitar da S, ƙwaya ta ragu, ɗaci ya ragu, yaro ya sha. Abin da ya hana shi ne kuɗi. Tun da kamfanin Shin Poong na Koriya ta Kudu ya fito da hanyar haɗi mai araha a shekarun 1980 farashin maganin ya faɗi ƙasa warwas. Daga 2007 Merck ya fara bayar da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, daga baya ya yi alkawarin kai wa ƙwaya miliyan 250 a shekara. Duk wanda zai kawo R zalla, da abin da ake rabawa kyauta zai yi gasa. Wannan ƙa'idar ce ta yanke hukuncin duk abin da ya biyo baya.

Hanyar da masana suka fi so

Katalis sinadari ne da ake sa ɗan kaɗan cikin haɗi ya hanzarta shi, ya fito kuma bai ƙare ba. Idan katalis ɗin da kansa mai ɓangare ne, yana iya tilasta haɗin ya haifi ɗaya daga cikin tagwayen kawai. Wannan fanni shi ne abin alfaharin kimiyyar haɗa sinadarai a rabin ƙarnin da ya wuce. William Knowles ya yi amfani da shi a kamfanin Monsanto wajen haɗa maganin cutar karkarwa, ya raba kyautar Nobel ta 2001 da Ryoji Noyori da Barry Sharpless. A 2021 Benjamin List da David MacMillan suka samu tasu saboda katalis marasa ƙarfe. Matashin malami da ke son sunansa ya fito, nan yake dosa.

An ma riga an gwada shi a kan farazikwantel. A 2006 ƙungiyar Zbigniew Czarnocki a Warso ta Folan ta buga hanyar samar da R ta amfani da katalis irin na Noyori mai ƙarfen ruteniyam. Hanyar ta yi aiki a cikin kwalbar gwaji. Matakanta dai sun yi yawa, kayan sun yi tsada, babu masana'antar da za ta ɗauka don maganin talaka.

Todd ma da katalis ya fara tunani. Akwai wani haɗi da Amé Pictet da Theodor Spengler suka gano a Janeba a 1911, wanda da shi ake rufe zoben tsakiyar farazikwantel (wato sashen ginin sinadarin da ke kewaye kamar zobe), kuma a daidai wannan matakin ne ake haifar tagwayen. Da za a samu katalis mai ɓangare da zai jagoranci matakin, da magana ta ƙare. A 2004 Eric Jacobsen na Harbad ya nuna ana iya yin haka, amma da sinadarai masu zobe mai saurin amsawa. Zoben farazikwantel irin wanda masana ke kira benzin ne tsura, mai taurin kai, ba ya rufuwa sai an jiƙa shi da asid mai tsananin ƙarfi. Katalis masu laushin hali ba sa tasiri a cikin irin wannan asid, waɗanda suke jure masa kuma ba sa zaɓen ɓangare. Ɗaya dabarar ita ce a cire haidurojin daga maganin a shafe bambancin, sannan a mayar da shi ta gefe ɗaya da katalis mai ƙarfe mai daraja. Ita ma ba ta kai inda ake so ba.

Abin da Todd ya yi dabam

Tun 2006 ya rubuta matsalar a wani shafin intanet mai suna The Synaptic Leap, ya ce duk mai dabara ya kawo. Shekaru suka shuɗe ba a samu wani abin kirki ba, kuma dalilin a bayyane yake: ba a ba da shawara a kan aikin da ba a fara ba. Sai da tallafi ya zo daga sashen binciken cututtukan ƙasashe masu zafi na Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Ostareliya, aka ɗauki wani mai bincike, Michael Woelfle, ya fara gwaji a farkon 2010. Sharaɗin shi ne duk abin da ya yi a yini zai hau intanet, wanda ya yi kyau da wanda ya lalace, da awo da hoto da komai.

Wanda bai zauna da masu bincike ba ba zai gane girman wannan ba. Littafin gwaji shi ne asirin malami. Ana kulle shi a durowa har sai takarda ta fito, takardar kuma abin da ya yi nasara kaɗai take faɗa. Gwaji arba'in da suka rushe kafin na arba'in da ɗaya ba mai jin labarinsu, sai wani ɗalibi a wata ƙasa ya sake ɓata wata shida a kansu.

Da aka kai maganar zauren masu haɗa sinadarai na masana'antu a LinkedIn, sai waɗanda sana'arsu ke nan suka amsa da abin da malaman jami'a ba su cika son ji ba: a bar katalis, a koma tsohuwar hanya. Wani kamfani a Groningen ta Holan mai suna Syncom ya karɓi samfur, ya yi gwaje-gwaje ba tare da an biya shi ba, cikin 'yan makonni ya samo yadda za a auna yawan kowane ɗan tagwaye da kuma sinadarin da zai raba su. Ƙungiyar Sidni ta ɗora a kai ta sauƙaƙa.

Hanyar ita ce wannan. A dafa farazikwantel gauraye da asid, wani reshe nasa ya cire, a samu sinadarin da ake kira farazikwanamin. A zuba masa wani asid wanda shi ɓangare ɗaya ne tun asali. Kowane ɗan tagwaye zai haɗu da asid ɗin ya zama gishiri, amma gishirin biyu yanzu ba tagwaye ba ne, narkewarsu ta bambanta. Ɗaya ya daskare ya kwanta a gindin kwalba, ɗayan ya zauna cikin ruwa. A tace, a wanke, a saki sinadarin daga gishirin, a mayar masa da reshen da aka cire. An samu R. Asid ɗin da ake amfani da shi daga asid tatarik ake yinsa, wanda Louis Pasteur ya zauna yana tsince ƙwayoyin gishirinsa ɗaya bayan ɗaya a 1848 har ya gano batun tagwayen. Turawa daga gindin gangar inabi suke samunsa. Mu kuwa shi ne tsamin da ke cikin tsamiya, duk mai shan kunu da azumi ya san shi a harshe.

Aibin hanyar a fili yake, ba za ta taɓa ba da fiye da rabin abin da aka zuba ba, sai fa in an sami yadda za a juya S ɗin da ya rage a sake zagayawa da shi. Amma da yake gaurayen kusan kyauta ne a kasuwa, zubar da rabinsa ya fi sayen ruteniyam sauƙi. An buga sakamakon a watan Satumba na 2011 a mujallar PLoS ta cututtukan da aka yi wa sakaci, da sunan Woelfle da Todd da Jean-Paul Seerden na Syncom da Piero Olliaro na Hukumar Lafiya ta Duniya cikin marubutan. A watan da ya biyo baya mujallar Nature Chemistry ta buga sharhinsu a kan salon aikin. Ba a yi wa hanyar rajistar mallaka ba.

Awo

A Kamaru kwamitin CCIU ne ke duba takardun malamin jami'a kafin a ɗaga masa matsayi, a Cadi kuma ana kai su CAMES, majalisar ilimi mai zurfi da wasu ƙasashen Afirka suka yi tarayya a kanta. Can da nan abin da ake ƙirgawa ɗaya ne: takardu nawa, a wace mujalla, sunanka na nawa ne a jeri. Matasan malamai a Ngaundere da Marwa yanzu sun iya duba ma'aunin h, mai auna yawan takardun malami da yawan ambaton da ake yi musu, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, kamar yadda takwarorinsu na Turai suke yi. Idan aka ɗora aikin farazikwantel a wannan sikeli a matsayin aikin kimiyyar haɗa sinadarai, ba shi da nauyi sosai. Babu sabon haɗi a ciki, babu sabon katalis, dabarar ta girmi kakannin marubutan, muhimmin matakin ma wani kamfani ne ya samo shi. Mai duba takardu zai iya cewa, da gaskiyarsa, masanin katalis ya shiga neman katalis ya fito ba shi.

Akwai suka ta biyu da ta fi wannan ƙarfi, kuma a cikin takardar 2011 ɗin take. An ba wani kamfanin kwangila aikin nan a lokaci guda, a rufe, shi ma ya iso ga rabewa ta gishiri. Ke nan ba za a ce sai da aka buɗe littafi aka samu amsa ba. Abin da za a iya cewa shi ne buɗewar ta jawo ƙwararrun da Todd bai san da su ba, ta juya akalar aikin da wuri, kuma ta bar sawu. Hanyar kamfanin kwangila sakamakonta kawai muke da shi. Ta Sidni kuwa ana iya bin ta daga gwajin farko.

Ni a ganina a nan tasirin yake ga irinmu. Yawancin masu binciken sinadarai a jami'o'in yankin nan a kan tsirrai suke aiki, su tatso sinadari daga saiwa ko ɓawo, su aika samfur Yawunde ko Turai a duba musu siffarsa, su jira watanni. Haɗi da katalis mai ƙarfe mai daraja yana son iskar haidurojin a matse, da kayan aiki marasa ɗigon danshi, da wutar da ba ta ɗaukewa. Rabewa ta gishiri kwalba take so, da takardar tacewa, da na'urar auna juyawar haske, da haƙuri. Ɗalibin digiri na biyu a makarantar ENSAI ta Ngaundere zai iya maimaita ta, kuma idan gishirinsa ya ƙi daskarewa yana da inda zai duba ya ga ko ya taɓa ƙi wa Woelfle, da abin da ya canja. Takardar da aka goge ta tas ba ta koyar da wannan.

Sai kuma abin da salon ya haifa. Daga 2011 Todd ya buɗe irin wannan aiki a kan zazzaɓin cizon sauro, Open Source Malaria, da ƙa'idar cewa duk bayanai a fili suke, kowa na iya shiga, babu rajistar mallaka. A ƙarƙashinsa ne 'yan sakandare a Sidni, da jagorancin Alice Williamson, suka haɗa sinadarin maganin Daraprim a 2016, bayan wani ɗan kasuwa a Amurka ya ɗaga farashin ƙwaya ɗaya daga dala 13.50 zuwa 750. Daga baya aka buɗe MycetOS a kan maisetoma, ciwon nan mai kumbura ƙafa yana ɓulɓulo da ƙwayoyi, wanda Sudan da Cadi ke cikin ƙasashen da ya fi addaba. Todd ya koma Landan a 2018, yana farfesa a makarantar harhaɗa magunguna ta jami'ar UCL. Har yau dai babu maganin da ya fito daga waɗannan ayyuka ya shiga kanti, kuma duk mai yabon salon ya kamata ya faɗi haka da bakinsa.

Ƙwayar yara kuwa ta wata ƙofa ta fito. A 2012 Merck da abokan aikinsa suka kafa gamayyar samar da farazikwantel na ƙananan yara. Suka yi ƙwaya ƙarama mai miligiram 150 ta R zalla, mai narkewa a baki ko a ɗan ruwa, mai jure zafin ƙasashenmu, suka kira ta arfarazikwantel. An yi gwajin ƙarshe a Kwaddibuwa da Kenya. Hukumar magunguna ta Turai ta ba da ra'ayin amincewa a Disambar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance ta a 2024, aka fara ba yara a Yuganda a farkon 2025, don 'yan wata uku zuwa shekara shida, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50. Aikin kamfani ne da kuɗin masu ba da tallafi da likitoci masu yawa, sunan Todd ba ya jikin kwalin.

Wani abu kuma ya faru da ya kamata duk ɗalibin kimiyya ya riƙe. Lissafin rabin awo bai tabbata ba. Da aka auna jinin waɗanda suka sha R zalla, sai aka ga abin da ke isa jini bai kai na mai shan gauraye ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne hanta tana lalata maganin tun kafin ya zagaya jiki, kuma a cikin gauraye S yana shagaltar da ita har R ya samu ya wuce. Ɗan rakiyar ashe yana da ɗan aikinsa. Saboda haka awon sabuwar ƙwayar ya zama miligiram 50 a kowane kilo na nauyin yaro ga tsargiyar hanji, 60 ga ta mafitsara, sama da 40 na tsohuwar. Ribar da ta tabbata ita ce raguwar ɗaci da ƙwayar da jariri zai iya sha. Ga yankinmu, inda ta mafitsara ta fi yawa, awo mafi girma ne zai yi aiki, wato R ɗin da za a buƙata ya ninka abin da aka zata a 2010 har sau uku, kuma araharsa ta ƙara zama abin dubawa.

Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ba da magani daga shekara biyu zuwa sama a duk garin da cutar ta kama kashi 10 cikin ɗari. Yaran nan ba sa makaranta, don haka sandar malamin firamare ba za ta kai gare su ba, sai an bi ta asibitocin ƙauye da ma'aikatan lafiya na unguwa, a auna nauyin kowane yaro. Sabuwar ƙwayar kuma ba kyauta za a riƙa bayar da ita ba kamar ta manya, a kan kuɗin da aka kashe wajen yinta za a sayar. Kamfanin Farmanguinhos na gwamnatin Birazil ne ke buga ta, ana kuma shirya wani kamfani a Kenya ya karɓi aikin don Afirka. Kafin ta iso Lagdo ko Kuseri ko Bol, sai ma'aikatar lafiya a Yawunde da ta Injamena sun yi mata rajista, sun kuma sa kuɗinta a kasafi ko sun samo mai biya.